Na harhaɗa kenel da kaina, teburin nat ya ɓace: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina kula da wata ƙaramar cibiyar koyar da kwamfuta, muna da kwamfutoci 15. Na ɗauko wata tsohuwar kwamfuta mai katin sadarwa biyu na sa mata Linux, da nufin ta riƙa karɓar intanet daga modem tana raba wa sauran, tana kuma tare abin da ba a so. Da yake na'urar ta kwana biyu, sai na harhaɗa mata kenel da kaina da `make localmodconfig` don kada ya yi mata nauyi. Yanzu `iptables -L` yana aiki, amma in na rubuta `iptables -t nat -L` sai ya ce "can't initialize iptables table nat: Table does not exist". Na cire iptables na sake sawa, ba ta canja zani ba. Waɗanne zaɓuɓɓuka ya kamata in kunna a kenel don tace fakiti da sauya adireshi su yi aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ko sau nawa ka cire iptables ka mayar, abin da za ka gani ke nan, domin shi iptables ba ya tace fakiti, wato guntun saƙon da ke bi ta hanyar sadarwa, ko ɗaya. Iyakar aikinsa ya karɓi dokar da ka rubuta ya miƙa wa kenel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa na'ura. Katangar tsaron kanta tana cikin kenel, a sashen da ake kira Netfilter, wanda Rusty Russell ya faro kuma ya shigo tare da Linux 2.4 a farkon 2001, ya maye gurbin ipchains na 2.2. Saƙon da ka gani yana nufin an je neman teburin nat, wato ma'ajin dokokin sauya adireshi da ake kira NAT, a cikin kenel ɗinka, ba a tarar da shi ba.

Kuma tambayar taka ta riga ta nuna mai laifin. Yadda `localmodconfig` ke aiki shi ne ya duba modul-modul (ɓangarorin kenel da ake ɗorawa daban in an buƙace su) da ke ɗore a daidai lokacin da ka kira shi, wato abin da `lsmod` ke nunawa, ya bar su, ya kashe sauran. Modul ɗin `iptable_nat` kuwa ba ya hawa sai ranar da aka taɓa teburin nat. Kai a lokacin ba ka rubuta dokar NAT ko ɗaya ba, sai aka ɗauka ba ka buƙatarsa. Teburin filter ya tsira ne don akwai abin da ya riga ya taɓa shi kafin ka harhaɗa. Kafin ka yarda da maganata, duba da idonka:

`grep -E "NF_NAT|IP_NF_NAT|NF_CONNTRACK=|MASQ" /boot/config-$(uname -r)`

In ka ga layuka masu ƙarewa da "is not set", ko wasu ma ba su fito ba sam, to shi ke nan.

Sai dai kafin ka buɗe `make menuconfig` akwai abin da ya kamata ka sani, don a nan mutane da yawa ke ɓata yini guda. Iptables na yau iri biyu ne, sunansu ɗaya, umarninsu ɗaya, amma ba wuri ɗaya suke kai saƙo ba. Tsohon yana magana da teburorin da aka sani tun 2001. Sabon yana karɓar umarnin nan dai, ya juya shi zuwa nftables, tsarin da ya shiga kenel 3.13 a Janairun 2014, kuma Debian ta mai da shi na asali tun fitowa ta 10 a 2019. Rubuta `iptables -V`: bayan lambar siga za ka ga ko dai kalmar legacy ko nf_tables. Lafazin saƙon da ka kawo na tsohon ne. Da sabon ne a kan kenel marar nftables, da abin da za ka gani shi ne "Failed to initialize nft: Protocol not supported". Kowanne da zaɓuɓɓukansa a kenel, kuma in ka kunna na wancan alhali wannan kake da shi, saƙon zai ci gaba da fitowa kai kuwa kana rantsuwa ka kunna komai.

A menu, hanyar ita ce Networking support, sai Networking options, sai Network packet filtering framework. Kunna `CONFIG_NETFILTER`, ka kuma kunna `CONFIG_NETFILTER_ADVANCED`, don in babu shi ana ɓoye maka zaɓuɓɓuka da dama. A ƙarƙashin Core Netfilter Configuration, farkon abin da za ka nema shi ne `CONFIG_NF_CONNTRACK`. Zan ɗan daɗe a kansa, domin duk sauran a kansa suka dogara.

Kwamfutocinka 15 adireshin cikin gida suke da shi, irin su 192.168.50.10, daga cikin rukunonin da aka keɓe a takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 1918 tun 1996, kuma irin wannan adireshi ba ya yawo a intanet. Idan ɗalibi ya buɗe shafi, fakitinsa zai iso na'urarka, ta goge adireshinsa ta rubuta nata, ta tura waje. Can amsa ta dawo ɗauke da adireshin na'urar kaɗai. Ta yaya za ta san cikin mutum 15 wa ya aika? Kamar gidan haya ne mai lamba ɗaya a bakin ƙofa, mai gadi na riƙe da littafi yana rubuta ɗakin da ya yi aike da inda aka aika, in saƙo ya dawo ya duba ya kai ɗakin da ya dace. Wannan littafin shi ne conntrack. Yana ajiye adireshin mai aikawa da na mai karɓa, lambobin tashoshinsu, da irin yarjejeniyar da suke magana da ita, TCP ce ko UDP. Abin da mutane ke mamaki shi ne teburin nat fakitin farko na kowane haɗi kawai yake gani. Da zarar an yanke yadda za a sauya adireshinsa, sauran fakitocin, har da masu dawowa, daga littafin ake bi da su. Shi ya sa ba a rubuta wata doka ta mayar da adireshi ga amsoshi, shi ya sa kuma in ka canja dokar NAT haɗin da ke gudana ba ya jin canjin sai an buɗe sabo. A menu ma, muddin conntrack a kashe yake, zaɓin NAT ba zai bayyana maka ba ko kaɗan.

Bayan shi sai `CONFIG_NF_NAT` da `CONFIG_NETFILTER_XTABLES`. Tun da tsohon iptables kake da shi, ƙara `CONFIG_NETFILTER_XT_MATCH_CONNTRACK` da `CONFIG_NETFILTER_XT_TARGET_MASQUERADE`, sannan ka koma IP: Netfilter Configuration ka kunna `CONFIG_IP_NF_IPTABLES`, `CONFIG_IP_NF_FILTER` da `CONFIG_IP_NF_NAT`. Na ƙarshen nan shi ke haifar da teburin da ka rasa. A sababbin kenel an ware tsohon tsarin ƙarƙashin zaɓuɓɓuka masu ƙarewa da LEGACY, irin `CONFIG_IP_NF_IPTABLES_LEGACY`. In naka yana da su, su ma sai an kunna. Ka haɗa da `CONFIG_NETFILTER_XT_TARGET_LOG` da `CONFIG_NETFILTER_XT_TARGET_TCPMSS`, ranar amfaninsu na tafe.

Da ni ne ke kafa sabuwar na'ura yau, nftables zan bi, don can aikin masu kula da Netfilter ya koma. Nasa su ne `CONFIG_NF_TABLES`, `CONFIG_NF_TABLES_IPV4` ko `CONFIG_NF_TABLES_INET` in kana so tebur ɗaya ya riƙe IPv4 da IPv6, sai `CONFIG_NFT_CT`, `CONFIG_NFT_NAT` da `CONFIG_NFT_MASQ`. Mai son ci gaba da rubuta umarnin iptables a kan sabon tsari sai ya ƙara `CONFIG_NFT_COMPAT`. Ba laifi ka harhaɗa tsarin biyu a kenel ɗaya. Abin gudu shi ne ka zuba dokoki a duka biyun, don fakiti zai bi ta kowanne, kuma `iptables -L` na ɗayan ba zai nuna maka abin da ɗayan ya tare ba.

Idan kana bin tsohon jagora za ka ci karo da sunayen da suka riga mu gidan gaskiya. `CONFIG_NF_CONNTRACK_IPV4` an narkar da shi cikin conntrack tun 4.19, `CONFIG_NF_NAT_IPV4` kuma ya shige cikin `NF_NAT` a 5.1. Kada ka wahalar da kanka nemansu. Ga kowane suna, danna maɓallin / a cikin menuconfig ka rubuta shi. Zai nuna maka inda yake da abin da ya dogara a kai, layin Depends on, tare da y (an gina shi cikin kenel) ko m (modul ne) ko n (a kashe yake) a gefen kowanne. Wanda ka ga n a gefensa shi ya ɓoye maka zaɓin.

A zaɓi y ko m? Na fi son m. Modul ba ya cin ƙwaƙwalwa sai an kira shi, kuma kenel na ɗora shi da kansa lokacin da doka ta buƙace shi. Sharaɗinsa guda ne, kada ka manta `make modules_install`, kuma bayan ka sake kunna na'urar ka tabbata abin da `uname -r` ya nuna yana da babban fayil mai wannan suna a `/lib/modules`. Mutum kan harhaɗa daidai, amma na'ura ta tashi da tsohon kenel, ya zauna yana zargin menu.

Bari kuma in gaya maka gaskiya game da tushen aikin. Rage modul ba ya sa tsohuwar kwamfuta ta ƙara gudu. Abin da yake ragewa lokacin harhaɗawa ne da ɗan wuri a faifai. Kenel ɗin da ya zo da Linux ɗinka yana da duk waɗannan zaɓuɓɓuka a matsayin modul, yana kuma samun gyaran tsaro ba tare da ka ɗaga yatsa ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga na'urar da ke fuskantar waje. In cibiyar ce damuwarka, zaɓi tsohon kenel a menu na GRUB, wanda ke ba ka zaɓin kenel lokacin tashin na'ura, cikin minti biyu ka wuce wurin. In kuwa koyo kake so, kuma na ga alamar haka, to tashi da tsohon kenel, kafa katangar gaba ɗaya ta yi aiki, sannan ka kira `localmodconfig`. A lokacin duk abin da kake buƙata yana ɗore, zai bar maka shi.

Kenel ya gyaru, saura ka ba shi izinin wucewa da fakiti daga kati zuwa kati, don a kashe wannan yake zuwa:

`sysctl -w net.ipv4.ip_forward=1`

A ɗauka eth0 ne ke kallon modem, eth1 ke kallon ɗakin karatu. Naka sunayen na iya zama irin enp2s0, `ip link` zai nuna maka.

`iptables -t nat -A POSTROUTING -o eth0 -j MASQUERADE`
`iptables -A FORWARD -m conntrack --ctstate ESTABLISHED,RELATED -j ACCEPT`
`iptables -A FORWARD -i eth1 -o eth0 -j ACCEPT`
`iptables -P FORWARD DROP`

Layin farko ke sauya adireshi, sauran ukun su ne tacewa: na ciki ya fita, amsarsa ta dawo, duk wanda ya zo daga waje ba a kira shi ba a yar da fakitinsa. Kada ka tsaya a layin farko don ka ga intanet ya zo, NAT shi kaɗai ba ya hana na'urar da ke gefen modem tura fakiti zuwa ciki. An zaɓi MASQUERADE a kan SNAT, mai buƙatar ka rubuta tsayayyen adireshi, saboda adireshin da modem ke ba ka na iya canjawa. Shi yakan ɗauki duk wanda ya tarar a kan katin, ya kuma manta da tsofaffin haɗi in katin ya sauka. Sarƙar FORWARD ta masu wucewa ce kawai. Abin da aka nufo na'urar kanta da shi ta INPUT yake bi, ita ma tana son nata dokokin, kuma in daga wata kwamfuta kake sarrafa ta ta SSH, rubuta dokar da ke barin ka shiga kafin ka mai da manufarta DROP, in ba haka ba ka kulle kanka a waje.

Duk wannan a ƙwaƙwalwa yake zaune. Ana ɗauke wuta, ya tafi. Rubuta `net.ipv4.ip_forward=1` a fayil cikin `/etc/sysctl.d/`, ajiye dokoki da `iptables-save`, ka sa `iptables-restore` ya dawo da su a kowace tashi. Masu nftables a Debian `/etc/nftables.conf` suke amfani da shi.

Abu biyu za su iya biyo baya. Idan wasu shafuka na buɗewa wasu na tsayawa rabi, musamman a layin PPPoE, wata hanyar haɗawa da kamfanin layi, inda girman fakiti bai wuce 1492 ba maimakon 1500, maganinsa dokar TCPMSS mai `--clamp-mss-to-pmtu` a teburin mangle, wanda shi kuma ke buƙatar `CONFIG_IP_NF_MANGLE`. Idan kuma `dmesg` ya fara nuna "nf_conntrack: table full, dropping packet", littafin ne ya cika. Iyakarsa `net.netfilter.nf_conntrack_max` ana lissafa ta ne daga yawan ƙwaƙwalwar na'ura, tsohuwar kwamfuta kuwa tata kaɗan ce, ga shi haɗin TCP da ya kafu ana riƙe shi har daƙiƙa 432000, kwana 5 cur, in ba a rufe shi yadda ya kamata ba. Ɗalibi ɗaya mai sauke fina-finai ta torrent ya isa ya cika shi. Ɗaga iyakar, ka rage wa'adin zuwa yini guda ko ƙasa da haka.

Ka kuma lura modem ɗinka shi ma NAT yake yi. Saboda haka kada gefen ɗakin karatu ya yi amfani da rukunin adireshi ɗaya da na modem. In shi 192.168.1.0/24 ne, kai ɗauki 192.168.50.0/24. In wata rana ka so a riƙa shigowa wata kwamfutar cibiyar daga waje ta dokar DNAT, mai karkatar da fakitin waje zuwa adireshin ciki, fara duba adireshin da modem ya samu daga kamfanin layi. Idan ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, rukunin da aka ware a 2012 don kamfanoni su raba adireshi ɗaya ga abokan hulɗa da yawa, ko ya fara da 10, to akwai wani NAT ɗin a samanka da ba ka da iko da shi, abin da ya zama ruwan dare a layukan waya. A nan babu zaɓin kenel da zai buɗe maka hanya, sai ka nemi adireshi na kanka daga kamfanin, ko ka haƙa rami, wato keɓaɓɓiyar hanya, da manhajar WireGuard zuwa wata kwamfutar saba da ke waje ka riƙa shigowa ta can.