Tambari, Take da Rigar Wasa: Amsoshi ga Masu Ƙirƙirar Gasar Ƙwallo a Jos

Tambayar farko ta fito ne daga wani matashi mai sana'ar zane a kwamfuta a unguwar Gangare da ke Jos. Shi da abokansa sun ƙirƙiro wata gasar ƙwallon ƙafa wadda babu ita a zahiri, suka raba ƙungiyoyinta a kan unguwannin garin, suna zana wa kowace alama da riga don gwada hannu, kuma sun ƙudura cewa komai da Hausa za a rubuta. Ga abin da ya ce: "Malam, gardama ta kaure tsakaninmu a kan sunan zanen da ake maƙalawa a ƙirjin riga. Wani ya ce tambari, wani ya ce alama, wani hatimi, wani kuma bajo. Wanne ne daidai? Sannan ɗan gajeren zancen da ake rubutawa a ƙarƙashin zanen, kirari ne ko take?"

Ɗana, dukkan kalmomin nan huɗu Hausa ta karɓe su, amma kowace da wurin zamanta. Alama ita ce mafi faɗi, daga Larabci muka aro ta, kuma tana nufin duk abin da ke nuna wani abu, ko an zana shi ko ba a zana ba. Shi ya sa ake cewa alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba, kuma hadari alamar ruwa ne. Idan ka kira zanenka alama ba ka yi kuskure ba, sai dai ba ka bambanta shi da kibiyar da ke nuna hanyar fita daga filin wasa ba. Hatimi ma daga Larabci yake, kuma aikinsa tabbatar da takarda, kamar wanda sarki ko alƙali ke bugawa a ƙasan wasiƙa. Saboda haka hatimin gasarku shi ne wanda za ku buga a takardar shaidar lashe kofi. Bajo kuwa daga Turanci ya shigo, kuma sunan ɗan ƙyallen ne ko ɗan ƙarfen da ake ɗinkawa ko maƙalawa a jikin tufa. Zanen da ke cikin kwamfutarka bai zama bajo ba sai ranar da tela ya ɗora shi a ƙirjin riga.

Kalmar da ta dace da zanen kansa ita ce tambari, kuma a nan nake so ka ɗan tsaya. Bahaushe ya san tambari a matsayin babbar gangar fada, wadda ba a kaɗa wa kowa sai sarki, a ranar naɗi da lokutan Sallah, da kuma ranar fita yaƙi a zamanin da. Wanda ya ji amon tambura daga bayan ganuwa ba ya bukatar a gaya masa ko wane ne ke da garin. Tambarin kamfani ko na jami'a ko na ƙungiyar ƙwallo aikinsa ke nan, wato ya sanar da mai abu tun daga nesa ba tare da dogon bayani ba. Daga wannan nake fitar da shawarar da na fi ba muhimmanci, cewa a wurin Bahaushe kunne ne ke riga ido sanin mutum. Sarki da attajiri da ɗan dambe da mahauci, kowa ana gane shi da kiɗansa da kirarinsa tun kafin a ga fuskarsa. Don haka kada ku fara da zane sannan ku nemo kalmomin da za ku liƙa masa. Ku fara samo suna da kirarin da bakin 'yan kallo zai iya ɗauka, sannan ku zana abin da kirarin ya faɗa.

Bambancin take da kirari kuma a fili yake. Take a asali kiɗa ne, ɗan gajeren salo da makaɗi ke maimaitawa don wani mutum shi kaɗai, wanda da ya ji zai san da shi ake, tsumi ya kama shi. Daga nan ma'anar ta yaɗu har muka sami taken ƙasa da taken makaranta. Kirari kuwa magana ce ta yabo da zuga, wadda mutum ke yi wa kansa ko a yi masa, kuma tana iya tsawo. Abin da za ku rubuta a ƙarƙashin tambari take ne, abin da magoya baya za su riƙa rerawa a bakin fili kuma kirari ne. Dubi Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990. Ko wanda bai taɓa lura da zanen tambarinta ba ya san "Sai Masu Gida", kalmomi uku kacal da suka ƙunshi iƙirarin cewa baƙo ba ya cin nasara a filinsu. Garuruwanmu ma haka suke, Kano ta Dabo tumbin giwa, Katsina ɗakin kara, Sakkwato birnin Shehu, Bauchin Yakubu. Jos kuma ba baƙuwar wannan fage ba ce, domin Mighty Jets ce ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, Plateau United ta ɗauko kofin a 2017, kuma a garin aka haifi Ahmed Musa. Garin da ke da irin wannan tarihi ya cancanci take na harshen da ake ciniki da shi a Taminus da Farin Gada.

Matashin ya ƙara da cewa sun zaɓi dabbobi ga wasu ƙungiyoyin, daga ciki har da kura da mujiya da mikiya, yana tambaya ko akwai aibu.

Akwai, a biyun farko. Dabba ba ta shiga tambari ita kaɗai, tana shigowa da duk abin da tatsuniya da karin magana suka ɗora mata. Kura a wurinmu ga tsoro ga ban tsoro, ita ce mai kwaɗayin da Gizo ke yaudara kullum, kuma cewa aka yi a ba kura ajiyar nama idan ana nufin an damƙa amana ga maci amana. Ƙungiyar da ta kira kanta Kuraye ta miƙa wa abokan hamayyarta abin zolaya da hannunta. Mujiya ta fi muni. A Ingila ƙungiyar Sheffield Wednesday tana alfahari da mujiya a tambarinta, amma mu baƙin jinin mujiya muka sani, tsuntsuwar da sauran tsuntsaye ke taruwa su tsattsage ta idan ta fito da rana. Wannan shi ne haɗarin kwaso tambarin wasu a sauya masa harshe kawai, kuma magabata sun riga sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Mikiya dai ta yi, domin dirar mikiya na nufin faɗa wa abu ba zato ba tsammani, wanda shi ne burin kowane ɗan wasan gaba. Gaggafa ma tana nan, haka shaho.

Na fi so ku duba dabbobin da Hausa ta riga ta yi wa kirari, domin takensu na nan a shirye. Damisa ƙi sabo. Ɓauna saniyar sake, wadda ba mai ɗaure ta a turke. Gwanki sha bara, wato wanda maharba ke ta aunawa yana tsira, kuma ban san kirarin da ya fi wannan dacewa da ƙungiya mai ƙwararren mai tsaron gida ba. Giwa tana da kwarjini, maƙwabtanku na Bauchi ma da ita ake yi wa Wikki Tourists laƙabi saboda giwayen Yankari, amma ku tuna cewa duk ranar da kuka je wasa waje za a tarbe ku da giwa a garin wani zomo. Ba dole ba ne ma sai dabba. Jos gari ne na kuza da duwatsu da sanyi, kuma ƙungiyar da ta ɗauki diga da kwanon wanke kuza, ko duwatsun Shere, ta faɗi inda ta fito fiye da wadda ta ɗauki zakin da ke jikin rigunan duniya. Cikin zanen gargajiya kuma akwai dagi, ƙullin nan da aka fi sani da Dagin Arewa, da aska takwas ta gaban babbar riga, waɗanda maɗinka da magina suka daɗe da gyara su har suka zauna daram.

Tambaya ta biyu daga wata mai ɗinki ce a Bukuru, wadda aka kai wa aikin ɗinka samfurin rigunan. Ta ce: "Malam, in ce anko ko yunifom ko jesi? Kuma sun rubuto mini launuka da Turanci, ina so in san sunayensu na Hausa tsantsa."

'Yar'uwa, anko kaya ne iri ɗaya da dangi da ƙawaye ke yi don biki, kalmar ta zo mana ta hanyar Yarbanci, kuma da an watse biki aikinsa ya ƙare. Yunifom na makaranta ne da asibiti da ma'aikata, na soja da ɗan sanda kuma har kayan sarki ake ce masa. Rigar ɗan ƙwallo jesi kowa ke ce mata a kasuwa, kuma ba na ganin laifin hakan, amma a rubutu rigar wasa ta fi tsabta, idan aka haɗa da gajeren wando da safa kuma a ce kayan wasa. Magoya bayan da suka sayi riga iri ɗaya suka cika fili, su za a iya cewa sun yi anko. Sanya tufa iri guda don a gane ɓangare ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, dogaran sarki da ja da korensu shaida ne.

Game da launi, fari da baƙi da ja su ne ginshiƙai, sai kore da shuɗi, sauran kuma yawanci daga wani abu da ido ya sani aka ɗauko su. Rawaya sunan tsiro ne da ake samun rini daga saiwarsa, kuma ana cewa ruwan ɗorawa saboda garin ɗorawa. Akwai ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan hoda, ruwan lemo, da shunayya. Kore mai haske tsanwa ne, akwai kuma algashi. Shuɗi na gidan marina ne, na baba da shuni irin na karofin Ƙofar Mata a Kano, bula kuwa daga Turanci ta zo ta hanyar garin da ake sa wa fararen kaya. Idan suna son shuɗi mai duhu mai sheƙi, ki ce musu baƙin shuɗi irin na rawanin ɗan Kura, za su gane abin da ake nufi fiye da kowace lamba ta kwamfuta. Sai dai a kula da ma'anar da launi ke ɗauka idan ya haɗu da wata kalma. Ja yana tafiya da jarumta da wahala, kamar jan gwarzo da jan aiki. Fari yana ba da farin jini da farin ciki, amma farar ƙafa rashin sa'a ce, ana faɗarta ga wanda ake camfa cewa shigowarsa na kore arziki. Na ga a cikin jerin da kika turo akwai ƙungiyar da aka so a kira Farar Ƙafa saboda farar safarta, to ki gaya musu su sauya tun kafin ki yanka yadi.

Tambaya ta uku wani malamin makaranta ne daga Unguwar Rogo ya aiko, yana son karin maganar da ta dace ta zama taken gasar baki ɗaya, kuma ya kawo uku: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, da karen bana shi ke maganin zomon bana.

Malam, ta farkon ta ƙungiya ɗaya ce, domin tana magana ne a kan haɗa ƙarfi, jinka kuwa ita ce rufin ciyawa na ɗaki wanda sai an taru ake ɗora shi. Ta ukun tana nufin matsalar zamani sai ɗan zamani, ta dace da ƙungiyar matasa, amma ba kowa ne zai so a kira 'yan wasansa karnuka ba. Ta biyun ce ta fi kusa da ruhin gasa, domin ma'anarta ita ce cika baki na yawaita ne inda babu filin gwaji, idan ga fili to sai a shiga a gani. Tsawonta ne kawai matsala a kan riga. Da ni ne, da na ɗauki "Sai an gwada", rabin karin maganar da ke cewa sai an gwada akan san na ƙwarai, domin Bahaushe na jin rabin zai ƙarasa sauran da kansa, kuma wannan ƙarasawar ita ke sa take ya zauna a baki. "Ga fili ga mai doki" ma ta yi. Abin da nake roƙo da gaske shi ne a guji habaici da zambo. Jos gari ne da Birom da Afizere da Anaguta da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarbawa ke zaune tare, kuma rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwanni ta hanyar da har yau ake ƙoƙarin ɗinkewa. Taken da ke yabon unguwarku halal ne, wanda ke muzanta ta maƙwabta kuwa ko a gasar da babu ita a zahiri bai kamata a buga shi a riga ba, domin riga tana fita titi.

Saura batun rubutu, wanda ya shafi ku duka ukun. Haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, ba ado ba ne. Kura daban, ƙura daban. Baki daban, baƙi daban, kuma ƙungiyar da ta so a kira ta Baƙin Dutse aka buga mata Bakin Dutse an mayar da ita gefen dutse. Yawancin salon haruffan ado da masu zane ke saukowa daga intanet ba su da waɗannan haruffa, sai kwamfuta ta sa ɗan akwati a gurbinsu ko ta cusa wani harafi da bai yi kama da 'yan'uwansa ba. Kafin ku zaɓi salon haruffan gasar, ku rubuta Ƙ da Ɗ da Ɓ manya da ƙanana ku gani ko sun fito, idan ba su fito ba mai zane ya zana lanƙwasar da hannunsa, kuma a duba samfurin farko da mai buga riga ya fitar kafin a ba shi izinin buga sauran.