Tambaya da Amsa: Wace Halitta Ce a Gutsuren Dutsen Nan?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Yayana ya dawo daga Maroko da wani gutsuren baƙin dutse da bai kai tafin hannu ba. Wanda ya sayar masa a garin Erfud ya ce tirilobayit ne. Ni dai abin da nake gani wani tudu ne mai ƙuraje-ƙuraje, da ido guda mai ɗigo-ɗigo kamar an jera ƙwayoyin gero. Yaya zan gane irinsa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Tirilobayit ƙwaron teku ne mai ɓawo, ɗan uwan kaguwa da kunama na nesa. Ya bayyana shekara kusan miliyan 521 da suka wuce, ya ƙare wajen shekara miliyan 252 baya.

Kada ki raina shi don gutsure ne. Yawancin abin da ake tonowa ba gawar dabbar ba ce, saɓarta ce da ta zama dutse. Idan ta girma sai ta tuɓe ɓawo kamar yadda maciji ke yi, ɓawon ya wargaje, igiyar ruwa ta watsa kai can, wutsiya can. Saboda haka kafin ki nemi suna, fara sanin wane sashe kike riƙe da shi: kai, ko gaɓoɓin tsakiya, ko garkuwar wutsiya. Ni kaina ina ɗalibi na taɓa wuni ina neman ido a jikin wutsiya, malaminmu yana ta murmushi bai ce uffan ba.

Naki kai ne, kuma kin yi sa'a. Duba tudun nan: idan yana ƙara faɗi yana kumbura ta gaba, ga shi da ƙuraje, ga kuma ido mai manyan ƙwayoyi rarrabe da ake iya ƙirgawa, to dangin Phacops ne. Sauran tirilobayit galibi ƙwayoyin idonsu ƙanana ne ƙwarai, manne da juna. Dangin Phacops suna da yawa a duwatsun zamanin Debon da ke kewayen garin Alnif a Maroko, zamanin da ya ƙare shekara miliyan 359 da suka wuce.

Ni a nan zan tsaya. Sunan ainihin nau'in sai an ƙirga layukan ƙwayoyin ido an kuma san dutsen da aka fasa, kuma duk wanda ya ba ki suna daga kwatance kawai cinke ya yi.

Sai batun jabu, don kasuwar can ba ta rasa su. Ana zuba roba a mazubi a manna ta a dutse. Sa gilashin ƙara girma: ƙananan ramukan kumfa alamar roba ce, allura mai zafi kuma takan nutse a cikinta. Tsagar da ta ratsa dutsen da ƙwaron gaba ɗaya kuwa alama ce mai kyau, domin masu haƙa sai sun fasa dutse suke ganin abin da ke ciki, sannan su liƙe.

Ki tambayi yayanki ko an faɗa masa sunan tsaunin da aka haƙo shi, ki rubuta a takarda ki ajiye tare da dutsen.