Amsa ga ɗan'uwanmu na Tahoua a kan biron ƙungiyar mazan coci

Salama gare ku ƴan'uwa. Ɗan'uwa na Tahoua, na ga tambayarka, ka ce mazan paruwas ɗinku, wato cocinku na Katolika, kun fara zama bayan mes, babbar addu'ar Lahadi, kun haura mutum talatin, mompe, wato firist ɗinku, ya ce ku zaɓi biro, wato shugabannin ƙungiya, kana so ka san muƙamai nawa ake buƙata da aikin kowane, sannan ko akwai laifi shugaba ya riƙe kuɗin tunda dattijo ne kowa ya yarda da shi. Wasu sun ba ka amsa a gajarce, ni tawa za ta ɗan yi tsawo ka yi haƙuri, don na daɗe cikin ƙungiyar maza ta cocinmu nan Yamai, na riƙe kaye na sakatare na kuma zauna cikin masu binciken kuɗi, na ga abin da ke riƙe ƙungiya da abin da ke watsa ta.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe don ita ta fi nauyi. A'a, kada shugaba ya riƙe kuɗi, ko da kuwa shi ne mafi gaskiya a duk Tahoua. Ba don ana zarginsa ba, don a kare shi ne. Ranar da jika biyar suka ɓata a lissafi, ko da kuskuren rubutu ne kawai, dattijon nan da kuke girmamawa shi za a dinga kallo ta wutsiyar ido, kuma ba wanda zai iya buɗe baki ya tambaye shi saboda kunya, sai a koma ana gunaguni a bayan coci, wata biyu uku ka ga mutane sun daina zubi ba tare da sun faɗi dalili ba. Mu nan haka muke yi, mai karɓa daban mai ajiya daban mai ba da izinin fitarwa daban. Ran Lahadin taro ana ajiye tebur ƙarƙashin dogon yaro, sakataren kuɗi na zaune da karnen rasi mai kabon, kai ka miƙa 500F ɗinka ko jika guda, ya rubuta sunanka da wata ya yage maka na sama, na ƙasa ya rage cikin karne. Kafin a tashi ya ƙirga kuɗin a gaban mutane, har ƴan dala-dala, ya miƙa wa ma'aji, ma'aji ya sake ƙirgawa ya sa hannu cikin kayen sakataren cewa ya karɓi kaza. Abin bai wuce minti goma ba amma shi ne ke sa kowa ya koma gida hankali kwance.

Kuma wannan ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Babbar ƙungiyar mazan Katolika ta Amurka, Knights of Columbus, wadda Fada Michael McGivney ya kafa a New Haven a 1882 don a tallafa wa matan da mazansu suka mutu da marayu, har yau kowane reshe nasu yana da sakataren kuɗi mai karɓa da ma'aji mai ajiya, ga kuma amintattu uku da ke binciken littattafai sau biyu a shekara. Suna da wasu muƙaman da yawa, mai kula da kayan taro, masu tsaron ƙofa, mai kula da dokoki, amma ku mutum talatin ba ku buƙatar duk wannan, in kuka kwafo shi gaba ɗaya rabin ƙungiyar za ta zama biro a rasa wanda za a shugabanta. Abokanmu Ibo da ke kasuwanci nan Yamai su ma sun saba da tsarin CMO, ƙungiyar mazan Katolika ta Najeriya, kuma in ka lura su ne suka fi matsawa a kan rasi da tarar makara, na koyi abubuwa da yawa wajensu.

To shugaba fa, mene ne aikinsa? Shi ke kiran taro shi ke jan ragamarsa, ya ba wannan magana ya tsayar da wancan in ya zarce, shi ke zuwa gaban mompe da sunan ƙungiya, in paruwas ɗinku na da majalisar fastoral, masu ba mompe shawara kan ayyukan coci, galibi shi ke wakiltar maza a ciki, kuma ba kuɗin da zai fita sai da sa hannunsa tare da na ma'aji. Ni a ganina ku zaɓi mai haƙurin sauraro ba mai iya jawabi ba. Ku tuna su waye a cocinmu na Nijar, ga ƴan ƙasa Hausawa da Zabarmawa da Gurmawa, ga ƴan Benin da Togo da Burkina da Najeriya, wani Faransanci kawai yake ji wani kuma Hausa kawai, shugaban da bai damu a fassara magana ba zai wayi gari ya ga masu birki da magina da masu gadi sun janye sun bar wa ma'aikatan ofis taron, alhali su ne ke fitowa ranar aikin gayya.

Mataimakin shugaba kada ku ɗauke shi muƙamin ado, musamman ku a Tahoua inda da yawa cikin ƴan coci ma'aikata ne da aka kawo, malaman lakwal, ƴan likita, sojoji, yau suna nan gobe afektasiyo ta fito an kai mutum Agadez ko Diffa. Shi ya sa zan ba ku shawara shugaba da mataimaki kada su kasance duka masu jiran canjin wurin aiki, ɗaya ya zama zaunannen gari. Ma'aji ma haka.

Sakatare shi ne ƙwaƙwalwar ƙungiya. Ya rubuta wa ya zo wa bai zo ba, me aka yanke, wa aka ɗora wa aikin, zuwa yaushe, taro na gaba ya karanta kafin a shiga wata magana. Ba sai ya rubuta duk gardamar da aka yi ba, abin da aka tsayar kawai. Shi ke tura saƙon tunatarwa a WhatsApp amma dan Allah ya riƙa yin na murya ma da Hausa, ba kowa ke karatu ba. Kuma kayen na ƙungiya ne ba nasa ba, ranar da ya sauka ya miƙa shi.

Masu binciken kuɗi mutum biyu sun isa, amma kada su kasance cikin biro kuma kada su zama ƴan gida ɗaya da ma'aji. Duk wata shida su zauna da karnen rasi da kayen ma'aji da kuɗin da ke hannu su ga ko bakinsu ya zo ɗaya, su faɗa a gaban taro. Kuɗi in sun fara yawa kada su kwana a ɗakin mutum, ko ku buɗe kont da sa hannu biyu ko ku roƙi a ajiye muku a wajen ekonom, mai kula da kuɗin paruwas, da takarda. Wanda ya turo zubinsa ta Nita ko Airtel Money shi ma a yanka masa rasi kamar kowa, don ta nan ne lissafi ya fi rikicewa, kuɗin ƙungiya su gauraya da na cefanen mutum cikin waya ɗaya.

Yanzu ga muƙamin da ni na fi ba muhimmanci kuma shi mutane suka fi rainawa ranar zaɓe, mai kula da jin daɗin ƴan ƙungiya, wato marasa lafiya da rasuwa da haihuwa da wanda aiki ya tsaya masa. Wannan mutum ya kamata ya san gidan kowa, ya zama mai babur mai ɗaga waya ko ƙarfe biyun dare. Shi zai lura wane Lahadi uku ba a gan shi ba ya bi sawu, shi zai gaya wa mompe akwai tsoho kwance yana buƙatar a kai masa Jibi Mai Tsarki ko shafewar marasa lafiya, in an kwantar da ɗan'uwa a likitar Galmi shi zai tsara wa zai je dubiya. Akwai shekarar da wani kafinta ɗan Togo cikinmu ya rasu da dare ba zato, matarsa da yara ƙanana suna tsakar gida kan tabarma, kayan aikinsa na jingine a bango da wata kujera da bai gama ba, danginsa suna ta bugo waya daga gida cewa sai an kai gawa. Muka taru a ƙofar gidan, kuma a nan ne aka fara tambayar nawa ƙungiya ke bayarwa, wani ya ce a juye kes, wato asusun ƙungiya, gaba ɗaya, wani ya ce to gobe in wani ya faɗi fa, wani ya tuno cewa marigayin na da bashin zubi na wasu watanni, duk wannan matar tana jin mu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. An haɗa abin da aka haɗa an yi abin da ya kamata, amma bayan nan muka zauna muka rubuta komai, rasuwar ɗan ƙungiya kaza, ta matarsa ko ɗansa kaza, ta iyaye kaza, kwanciya a likita kaza, wanda ke da bashin da bai wuce wata kaza ba, shi ma a ba shi cikakke, kai gawa ƙasar waje kuma ba daga kes ba sai dai karo-karo na musamman. Ku rubuta naku yanzu tun kowa na da lafiya, lokacin da ba a san kan wa abin zai fara faɗawa ba, a nan ne mutane ke yin adalci.

Sai mai tsare-tsare, shi ne na kujeru da bash da sono da ruwan sha ranar biki, kamar 19 ga Maris idin Yusufu Mai Tsarki da ƙungiyoyin maza da yawa suka ɗauka ranarsu, ko 1 ga Mayu na Yusufu ma'aikaci. Mu mun haɗa masa da tsaron ƙofa lokacin mes. Duk wanda ke ƙasar nan a Janairun 2015 lokacin da aka ƙona coci-coci a Damagaram ran 16 da Yamai ran 17 ya san dalilin da ya sa maza ke karɓa-karɓar tsayuwa a bakin ƙofa, balle daren Nowel da na Paska. Amma ku zaɓi mai sanyin kai wanda ya san gaisawa da maƙwabta, don yawancinsu Musulmi ne kuma zaman lafiya muke da su, mai zafin zuciya a ƙofa matsala zai jawo muku.

Maganar mompe kuma, shi ba shugaban ƙungiya ba ne kuma ba ma'ajinta ba ne, uban ruhaniya ne. Dokar Ikilisiya ta 1983 ta yi bayani, kanon, wato sashe, na 215 ya ba masu bi ƴancin kafa ƙungiya, 304 ya ce kowace ƙungiya sai da rubutattun dokokinta, 324 ya ce ƙungiya mai zaman kanta ita ke zaɓen shugabanninta, firist ɗin da za ta ɗauka mai ba da shawara kuma sai hukumar diyosis, wato yankin bishop, ta tabbatar da shi. Amma 305 ya ce duka suna ƙarƙashin sa idon hukumar Ikilisiya, saboda haka ba za ku yi gaban kanku ba. Ku Tahoua kuna ƙarƙashin diyosis na Maradi ne tun da aka kafa shi a 2001, ba Yamai ba, to ta hannun mompe ɗinku takardarku za ta bi. Ku ba shi kwafin rahoton kuɗi duk shekara ko bai tambaya ba, ku sanar da shi kafin ku yi wani tara kuɗi a cikin coci don kada ku ci karo da majalisar kuɗi ta paruwas. In wata rana kuna so gwamnati ta san da ku har ku buɗe kont da sunan ƙungiya, dokar ƙungiyoyi ta 84-06 ta 1 ga Maris 1984 ita ce tushe, amma ku fara tambayar mompe, sau da yawa inuwar paruwas ta isa.

Kuma dan Allah ku sa mutum guda mai kula da addu'a, wanda zai buɗe taro da karatun Bishara ya shirya ja da baya, wato keɓewa don addu'a, lokacin azumin Karem ya tsara wa zai yi karatu ranar mes ɗin maza. In babu shi a hankali ƙungiyar za ta koma adashe kawai, a zo a zuba a tashi.

Wa'adi mu shekara biyu muke yi ana iya sabuntawa sau ɗaya, zaɓe kuma da ƴar takarda a ɓoye don ɗaga hannu a gaban dattijo ba zaɓe ba ne, kowa zai bi kunya. Kafin a kaɗa ƙuri'a a karanta aikin kowane muƙami da Faransanci da Hausa, a tambayi mutum a gaban kowa ko yana da lokacin yi, in ya ce a'a kada a matsa masa. Dattijon naku in kun ba shi shugabanci ya yi kyau, ku dai nemo masa ma'aji da sakataren kuɗi cikin masu ƙuruciya. Gaya mini ku nawa ne zaunannun gari cikin talatin ɗin, in kuma kuna so ran Lahadi zan nemi izinin shugabanmu in ɗauki hoton dokokinmu in turo maka ku gyara daidai da ƙarfin aljihunku.