Hitar da ke ƙona tsohon baƙin mai ta ƙi tashi bayan ta tsaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam Injiniya. Ina da garejin gyaran motoci, kuma a lokacin sanyi muna dumama wurin aiki da hita mai ƙona tsohon baƙin man da muke juyewa daga motoci, irin wadda ke da famfo da nozul (bakin da ke fesa mai), take kuma karɓar iska daga kwamfaresa. Idan ta kama wuta takan yi sa'o'i tana ci lafiya lau. Matsalar ita ce duk lokacin da ta tsaya, ko dai ta kashe kanta saboda wurin ya yi ɗumi ko kuma mun kashe ta da dare, sake tayar da ita sai ya zama aiki. Sai in ji injinta ya juya na ɗan lokaci, sannan ya yi shiru, jar fitila ta kama. In na danna jan maɓallin sake tayar da ita sau uku ko huɗu takan kama da wata irin ƙara da baƙin hayaƙi, wani lokaci kuma ta ƙi sam. Na canza filta amma abin bai sauya ba. Don Allah a ba ni shawara, daga ina zan fara? Daga wani mai karatu, makanike.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu shiga neman inda matsalar take, ina roƙonka ka daina danna jan maɓallin nan sau da yawa, domin shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka. Akwatin da ke sarrafa hitar an tsara shi ya ba wuta wa'adi na daƙiƙa 15 ko 30 ko 45, gwargwadon irin akwatin, idan ba ta kama ba a cikin wannan wa'adi sai ya datse komai ya kulle kansa. A duk daƙiƙun nan famfo yana fesa mai cikin ɗakin wuta, kuma man da bai ƙone ba yana nan kwance. Duk dannawa ƙarin mai ne a kan wanda ya riga ya taru, saboda haka ranar da tartsatsi ya same shi, musamman idan ƙarfen yana da sauran zafi, sai ya kama gaba ɗaya. Ƙarar da kake ji da baƙin hayaƙin nan alamar haka ce, kuma tana iya kaiwa ga ɓalle ƙofar hitar ko raba bututun hayaƙi ko ƙona wanda ke tsaye a gabanta. Danna sau ɗaya ya wadatar. In ba ta kama ba, ka cire wutar lantarki, ka bari ta huce sarai, ka buɗe ɗakin wuta ka share man da ya taru kafin wani gwaji.

Abin da zai taimake ka wajen bincike shi ne sanin matakan da hitar ke bi kafin ta tashi. Tsohon baƙin mai yana da kauri, ba ya fesuwa kamar kananzir, don haka sai ya fara bi ta cikin wani dunƙulen ƙarfe mai dumama shi da lantarki zuwa kimanin digiri 60 ko 70 a ma'aunin Salshiyos. Akwai makunni a jikin dunƙulen wanda ba ya barin injin ya juya sai zafin ya kai. Da zarar ya kai, kuma ma'aunin zafin ɗaki ya nemi wuta, sai injin ya tashi, bawul ɗin mai da na iska su buɗe, iskar kwamfaresa ta tarwatsa man a bakin nozul ya zama kamar hazo, taransfoma kuma ta tura wutar da ta kai volt 10,000 zuwa 14,000 tsakanin tsinkayen ƙarfe biyu da ke gaban nozul, tartsatsi ya tashi kamar yadda yake tashi a bakin fulogi. A ƙarshe akwai wani ɗan ido mai jin haske wanda ke kallon wutar ya shaida wa akwatin sarrafawa cewa ta kama.

Da a ce hitarka shiru take yi gaba ɗaya, da na ce ka duba fis, da ma'aunin zafin ɗaki, da dunƙulen dumama mai, da makunnin da ke katse wuta idan zafi ya yi yawa. Tunda injinta yana juyawa, waɗannan duk sun ba da izini, saura mai da iska da tartsatsi da idon nan. Ka leƙa ta tagar dubawa a gwaji na gaba, fuskarka a gefe, ka lura ko wuta ba ta bayyana ko kaɗan, ko kuwa tana kamawa sannan ta mutu.

Babban abin lura a bayaninka shi ne hitar tana ci lafiya muddin ta kama. Wannan yana nuna cewa ɓarnar tana aukuwa ne a lokacin da take tsaye, kuma tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: yaushe ta fi gardama, bayan ta kwana a kashe, ko bayan ta tsaya na mintuna kaɗan da zafinta? Amsar wannan tambaya ita ce za ta raba maka hanya biyu.

Idan doguwar tsayawa ce ta fi ba ta wahala, zargina ya fi ƙarfi a kan bututun da ke zuƙo mai daga tanki zuwa famfo. A wannan ɓangare man ana jawo shi ne, ba tura shi ake yi ba, shi ya sa ƙaramar kafa a mahaɗar bututu ba ta ɗigar da mai waje balle ka gan ta, iska take sha zuwa ciki. Yayin da famfo ke aiki yakan rinjayi wannan 'yar iska, wuta ta ci gaba da ci. Da ya tsaya kuwa, iskar sai ta samu hanya, man da ke cikin bututu ya sulale ya koma tanki, musamman idan bawul ɗin da ke ƙasan bututun, wanda aikinsa hana mai komawa baya, datti ya hana shi rufuwa da kyau. Famfon irin wannan hita a hankali yake tura mai, daidai abin da wuta za ta ci, don haka daƙiƙun da akwatin sarrafawa ya bayar ba za su ishe shi ya sake cika bututun da ya wofinta ba. Wannan ya dace da abin da ka faɗa cewa sai a dannawa ta uku ko ta huɗu take kamawa.

Gwajinsa ba shi da wuya. Ka sa tiyo mai haske wanda ake ganin cikinsa a bakin da ake fitar da iska daga famfo, ka kai ɗaya bakin cikin gwangwani, ka lura ko man yana fita a miƙe ko yana tafe da kumfa. Gwajin da na fi amincewa da shi kuma shi ne ka cire bututun tanki, ka haɗa famfon da guntun tiyo kai tsaye zuwa bokitin mai mai tsabta, ka bar hitar ta tsaya ta tashi sau da dama. In ta daina gardama, laifin yana tsakanin tanki da famfo. Wuri na farko da za ka duba shi ne robar murfin filtar da ka canza, domin sau da yawa a wurin canza filta ne robar ke murɗewa ko a mayar da tsohuwar da ta riga ta bushe. Daga nan ka bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya. Kada ka naɗa farin zaren Teflon a kansu, domin ɓarɓashinsa yana shiga famfo da nozul ya toshe su. Man liƙe mahaɗa wanda ke jure baƙin mai shi ne ya dace. Idan akwai gejin zuƙa a jikin filta, ka duba shi yayin da famfo ke aiki: allurar da ta hau sosai tana nuna toshewa a filta ko a ragar bakin bututu, wadda ke rawa ko ta ƙi motsi kuma tana nuna iska na shiga.

Idan kuwa gajeriyar tsayawa da zafi ce ta fi ba ta wahala, ka mayar da hankalinka ga bakin nozul. Lokacin da wuta ta mutu, bawul ɗin mai ya kamata ya rufe ruf. In ya tsufa ko datti ya maƙale a cikinsa, mai zai ci gaba da ɗiga a bakin nozul, zafin ɗakin wuta ya gasa shi ya zama baƙin dunƙule mai tauri. Wannan dunƙule yana karkatar da feshin mai daga inda tartsatsi yake, wani lokaci kuma ya haɗe tsinkayen biyu, wutar lantarki ta bi ta jikinsa ba tare da ta yi tsalle ba. Ka cire wutar lantarki, ka zaro nozul, ka warware shi ka wanke, ka duba 'yar robar da ke cikinsa, kada kuma ka soka waya a raminsa domin tana faɗaɗa shi. Ka goge tsinkayen, ka duba farin tangaran da ke riƙe da su ko ya tsage, ka daidaita tazarar bakinsu, wadda a yawancin irin waɗannan na'urori kimanin milimita 3 ce, sai dai littafin hitarka shi ne hujja. Taransfoma mai rauni ma takan yi aiki da sanyi ta gaza da zafi, amma gwajinta na mai aikin lantarki ne, kada ka kusance ta da sukudireba.

Game da idon wuta, idan ka ga wuta ta kama sosai amma akwatin ya kashe ta, to idon ne bai gan ta ba, galibi saboda kunkunniya ta rufe gilashinsa. Ka goge shi da ƙyalle mai laushi. Mai mita zai iya auna shi: a cikin duhu ya kan nuna om (ma'aunin turjiyar lantarki) 20,000 ko fiye, a gaban wuta mai kyau kuma ya sauko ƙasa da om 1,600. Ina gargaɗinka da babbar murya kada ka yarda wani ya haɗe wayoyin idon don hitar ta daina kashe kanta, domin daga ranar babu abin da zai tsayar da famfo idan wuta ta mutu.

Idon da ke yawan yin baƙi yana nuna hayaƙi ba ya fita yadda ya kamata. Tsohon baƙin mai yana barin toka mai yawa saboda sinadaran da ake zuba wa man inji da ɓarɓashin ƙarfen da ya kwaso, kuma masu ƙera irin wannan hita kan ce a kwashe tokar bayan kimanin sa'o'i 1,000 na aiki, wasu ma ƙasa da haka. Toka idan ta cushe hanyoyin hayaƙi, zafi da hayaƙi sai su dawo kan nozul da idon wuta bayan hitar ta tsaya. Fankar da ke zuƙe iska daga gareji ma tana jawo hayaƙi baya ta bututu idan ƙofofi a rufe suke. Wannan ya wuce batun tashin hita, domin iskar kabon monoksaid ba ta da launi ko wari kuma tana kisa, don haka ya dace a kafa na'urar gargaɗinta a wurin aikin. Ka sa takunkumin fuska mai kyau lokacin kwashe tokar.

Sauran abubuwa biyu ba za su ɗauke ka lokaci ba. Ruwa da ruwan lagireto sun fi mai nauyi, suna kwanciya a ƙasan tanki idan ya natsu da dare, sai famfo ya fara zuƙo su da safe. Ka buɗe mazurarin ƙasan tanki ka tsiyaye su, ka kuma tabbata bakin bututun zuƙa yana sama da ƙasan tanki da aƙalla taƙi guda. Iskar da nozul ke buƙata kuma kaɗan ce, galibi matsinta ba ya wuce PSI 20 a gejin iska, amma dole ta kasance a shirye lokacin tashi kuma babu ruwa a cikinta, saboda haka ka riƙa tsiyaye tankin kwamfaresa. Kada kuma a zuba fetur ko tina a tankin da nufin man ya yi saurin kamawa, domin tururinsu yana kamawa tun kafin lokaci.

Tambaya: Malam, tawa hitar ba ta da nozul, mai ne ke ɗiga a kan kaskon ƙarfe mai zafi. Idan ta mutu ina iya sake kunna ta nan take? Daga wani mai karatu.

Amsa: A'a, Malam, kada ka sake kunna ta da zafinta. Irin wannan hita tana aiki ne ta hanyar mayar da mai tururi a kan kaskon, saboda haka idan wuta ta mutu alhali kaskon yana da zafi, cikinta cike yake da tururin mai, kuma ashana ɗaya ta isa ta watso maka wuta a fuska. Ka rufe bawul ɗin mai, ka jira har kaskon ya huce yadda za ka iya taɓa shi da hannu, ka kwashe man da ya taru, ka kankare baƙin dunƙulen da ya daskare a kai, sannan ka kunna ta daga farko yadda aka saba. Yawan mutuwarta kuwa galibi daga abu uku yake: ruwa a cikin mai, wanda ke sa wuta ta yi ta tartsatsi kafin ta mutu, ko bakin bututun ɗiga da ya toshe saboda zafi, ko kaskon da aka bari bai sha shara ba, alhali irin wannan kasko yana bukatar a kankare shi kusan kullum idan ana aiki da hitar yini guda.