Tambaya da Amsa: Ina Iyakar Sukar Ɗan Siyasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni dai ina yawan caccakar shugabanni a Facebook, to kwanaki wani abokina ya ce min wai abin da nake yi cin mutunci ne ba adawa ba, har muka kusa ɓatawa. Don Allah ina iyakar abin take, ko dai shiru za mu yi mu zuba musu ido? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. A'a, ba shiru za ka yi ba, wanda ya fito ya nemi ƙuri'a ya hau kujera ai ya riga ya yarda a sa masa ido. Kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ma abin da ta ce ke nan a 1986 a shari'ar wani ɗan jarida mai suna Lingens da ƙasar Austiriya, cewa dole ɗan siyasa ya fi sauran mutane jure suka. A Amurka kuwa tun 1964, bayan shari'ar jaridar New York Times da wani jami'in gwamnati mai suna Sullivan, mai muƙami ba ya cin ka a ƙarar ɓata suna sai ya nuna ka san ƙarya ce ka yaɗa, ko ka yi halin ko-in-kula da gaskiya.

Amma fa abin da kotu ta bari daban, abin da ya dace daban. In ka ce ɗan siyasa ya yi alƙawarin asibiti har yau ko bulo ɗaya ba a aza ba, ga kuɗin a kasafi, ga hoton filin ciyawa ta cinye shi, wannan adawa ce tsaf, yi ta da zafi ma in ka ga dama. Da zarar ka koma kan matarsa da 'ya'yansa, ko ciwon da ke damunsa, ko ka hau zagin uwa, to maganar asibiti ta mutu, shi kuma wallahi daɗi zai ji don yaransa sun samu abin kamawa, sai a wuni ana rigima kan bakinka ba kan aikinsa ba. Kalmar ɓarawo kuma zargi ce, tana son hujja, saƙon da aka turo maka a WhatsApp ba hujja ba ne.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne a ɗora laifin mutum ɗaya kan ƙabilarsa ko addininsa. A Ruwanda a 1994, lokacin kisan ƙare-dangi, gidan rediyon RTLM kyankyasai yake kiran 'yan Tutsi, kuma a 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ƙasar Tanzaniya ta ɗaure wasu daga cikin jagororinsa.

Koma ka karanta rubuce-rubucen naka, ka sa sunan gwaninka a inda ka sa na wancan. Duk wanda ka ji ba za ka yarda a faɗa wa naka ba, goge shi, in kuma akwai ƙarya a ciki ka fito fili ka gyara, sannan ka kira abokin nan naka.