Zafin bazara da tsofaffi masu hawan jini

Tambaya: Mahaifiyata ta haura shekara 65, tana shan maganin hawan jini. Duk bazara jiri ke ɗibarta, ga kasala. Zafin ne ke ƙaruwa ko shekaru ne? Me ya kamata mu yi mata?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Duka biyun ne. Zafi na ƙaruwa da gaske saboda sauyin yanayi: 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara auna yanayin duniya. A farkon Afrilun 2024 zafi ya kai maki 48.5 a garin Kayes na Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako kuma ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, da yawansu tsofaffi ne.

Abin da ke faruwa shi ne, idan zafi ya tsananta jijiyoyin fata sukan buɗe, jini ya kwarara can, zufa ta yi ta fita. Jikin tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa, sai ruwa ya ƙare masa bai sani ba. In kuma cikin magungunan Mama akwai mai sa yawan fitsari, ruwa da gishiri na fita ta hanya biyu, jini ya sauka, shi ne jirin da take ji idan ta miƙe. Kada ku tsayar da maganin da kanku. Ku kai ta a auna ta, likita ya duba ko zai rage shi a lokacin bazara.

A ajiye mata ruwan randa kusa, ta riƙa kurɓa ko ba ta jin ƙishirwa, sai fa in likita ya ƙayyade mata ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda. Fitsari mai launin shayi alama ce ruwa ya yi kaɗan. A irin wannan hali ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye barkatai don ciwon gwiwa, suna illata ƙoda.

Ɗakin kwano yakan riƙe zafi har dare, kuma zafin dare ya fi galabaitarwa domin jiki bai samu hutu ba. Idan ɗaki ya haura maki 40, fanka iska mai zafi kawai take hurawa, sai an jiƙa fata ko mayafi da ruwa tukuna.

Abin tsoro shi ne ta rikice, maganarta ta sarƙe, ko ta suma alhali jiki ya yi zafi rau. Nan take a kai ta inuwa, a sassauta tufafi, a yi ta kwara mata ruwa mai sanyi, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi, ana fifita har a isa asibiti. Farasitamol ba ya sauko da irin wannan zafin, kuma ba a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, zai iya shaƙe shi.