Kuɗin Kickstarter kafin alƙalami ne, ku fara gina rijiyar tukuna

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun shekaranjiya na ga tambayarka, na bari sai na samu zama, don amsarta ba ta layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ya yi shi da abokinsa suna son haɗa wasan kwamfuta irin na RPG, wanda mutum zai ɗauki jarumi ya riƙa yawo gari-gari, yana karɓar aike, yana faɗa da dodanni, ƙarfinsa na ƙaruwa. Sun ɗora labarin a kan Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu, sun zana taswirar garuruwa bakwai, sun rubuta tarihin duniyar wasan shafi sama da ɗari. Abin da yake son sani shi ne, su buɗe shafin neman kuɗi a Kickstarter yanzu? Kuma nawa za su nema?

Kada ku buɗe yanzu. Ramin da kuke shirin faɗawa na taɓa kwana a cikinsa, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Mu nan idan aka ce karo-karo, abin da ke zuwa mana a rai shi ne gidauniyar masallaci ko ta mara lafiya: ka bayar, ka ce Allah ya karɓa, ba ka sake waiwayar kuɗin. Na wasanni ba haka yake ba. Wanda ya ba ka dala 20 a Kickstarter ciniki ya yi da kai, kafin alƙalami ya biya, kuma zai dawo karɓar kayansa. Kai kuwa ka zama telan da ya karɓi ɗinkin Sallah. Kowa ya san telan da ke karɓar yadi har ranar 27 ga azumi, don ganin kuɗi yana shigowa, sannan daren Sallah ya kashe waya. Duk alkawarin da ka rubuta a shafin nan yadi ne ka karɓa.

Na san labaran da suka zuga ku, don mu ma su suka zuga mu. A watan Satumba na 2012 kamfanin Obsidian na Amurka ya nemi dala miliyan 1.1 don wasan da ya zama Pillars of Eternity. Cikin kwana ɗaya da 'yan sa'o'i kuɗin ya cika, kafin a rufe sun tara kusan dala miliyan 4 daga mutum kusan 74,000. Kuma gaskiya ne a ranar da suka buɗe ba su da wasan da za a taɓa, taswira ce da zane-zane da bayani, kamar dai abin da ke hannunku. Amma duba su wane ne. Su suka yi Fallout: New Vegas, a cikinsu akwai waɗanda suka yi Icewind Dale da Planescape: Torment tun wajen shekarar 2000. Mutanen da suka buga waɗannan wasanni suna samari sun girma, sun kama aiki, suna da katin banki, suna kewar irin wasan da manyan kamfanoni suka daina yi. Sunan da kamfanin ya yi suka saya. Kai da ni ba wanda ya san mu a bayan layinmu.

Su ɗin ma ba su sha da daɗi ba. Da kuɗi ya wuce abin da suka nema, sai suka shiga ƙara alkawari: babban birni na biyu, gidan sarauta na jarumi, da wani kogo da ake ƙara masa hawa duk lokacin da masu zuba kuɗi suka ƙaru, har ya kai hawa 15. Sun ce wasan zai fito a 2014, bai fito ba sai Maris 2015. Kamfanin inXile ya tara sama da dala miliyan 4 a 2013 don Torment: Tides of Numenera, wasan bai fito ba sai 2017, kuma sai da suka yanke wasu abubuwan da suka yi alkawari, har da fassarar Italiyanci, suka fito suna ba da haƙuri. Waɗannan fa ƙwararru ne masu ofis da albashi da wutar da ba a ɗaukewa.

Idan misalin da ya dace da ku kuke nema, ku dubi Toby Fox. A 2013 dala 5,000 kacal ya nema don Undertale, ya samu sama da 51,000. Kafin ya nemi ko sisi ya riga ya saki ɗanɗanon wasan kyauta, mutane sun buga, sun yi dariya, sun gaya wa abokansu. Ko Larian na Beljiyam, waɗanda daga baya suka yi Baldur's Gate 3: da suka zo neman dala 400,000 a 2013 don Divinity: Original Sin, wasan ya riga ya yi nisa, suna nuna shi ana bugawa, kuɗin na ƙarasawa ne da ƙawatawa. Sun samu sama da 940,000.

Wanda ya fi kusa da mu kuwa yana nan maƙwabta, a Yawunde. Kiro'o Games na Olivier Madiba sun yi Aurion: Legacy of the Kori-Odan, wasan almara da aka gina a kan al'adun Afirka. Madiba ya fara tunanin wasan tun 2003. Sai da suka kafa kamfani, suka sayar da hannun jari ga masu zuba kuɗi, suka samu kamfanin Faransa mai suna Plug In Digital da zai fitar musu da wasan, sannan a 2015 suka je Kickstarter suka tara kusan yuro 50,000. Wasan ya fito a Steam, kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, a watan Afrilu na 2016. Ka lissafa shekarun da kanka. Kickstarter a wurinsu ƙarshen hanya ne.

Yanzu namu labarin. Mu uku ne: ni ina rubutu da haɗa wasan a manhajar RPG Maker, ɗaya yana zane, ɗaya yana kiɗa. Na ɓata kusan shekara biyu ina rubuta tarihin duniyar, sarakuna da zuriyarsu, yaƙe-yaƙen da aka yi kafin a haifi jarumin, har da yadda suke ƙirga watanni. Daɗin aikin nan ba a magana, kuma shi ne tarkon, don kana ji kamar wasa kake ginawa alhali littafi kake rubutawa. Ranar da muka haɗa gari ɗaya na miƙa wa ƙanena na gida laftof, yana aji uku na sakandare lokacin. Duk bayanin da na sha wahalar rubutawa, danna maɓalli ya yi ta yi yana tsallakewa, ko layi ɗaya bai karanta ba. Ya fita gari, ya yi faɗa uku, ya juyo ya ce, “Yaya, faɗan nan duk iri ɗaya ne.” Ya ajiye ya tafi ƙwallo. Ran nan ban ci tuwo da daɗi ba, amma yaron ya fi ni gaskiya. A wasan RPG mafi yawan lokacin mai wasa a faɗa da tafiya yake ƙarewa. Idan faɗa na uku bai sa shi tunanin wata dabara da bai yi a na farko ba, tarihin sarakunanka ba zai riƙe shi ba.

Duk da haka muka yi gaban kanmu muka nemi kuɗi. Ba a Kickstarter ba, don lokacin da na duba, Nijeriya da Nijar ba sa cikin ƙasashen da mazaunansu ke iya buɗe shafi, sai dai ka bi ta hannun wani da ke zaune a ƙasar da aka yarda da ita, da sunansa da asusunsa, harajin ma a kansa. Ku sake dubawa kafin ku yi wani shiri. Mu a gida muka tara, a naira, a farkon 2023, daga abokai da mabiyanmu na Facebook. Don mu jawo mutane muka yi alkawarin riga, da taswira bugaggiya, da cewa duk wanda ya ba da kaso mafi tsoka za mu zana fuskarsa a cikin wasan. Kuɗi ya shigo, ya ma ɗan haura abin da muka nema, muka yi ta murna.

Sai ga 29 ga Mayu, aka cire tallafin mai. A watan Yuni aka saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 750, zuwa farkon 2024 ta wuce 1,500. Mu kuwa janareta muke aiki da shi, kayan aikin da muke saye a intanet duk a dala suke, laftof ɗin da muka sa a lissafi don mai zanenmu ya fi ƙarfinmu. Mai buga rigunan da muka yi magana da shi ya ce farashin da ya ba mu ya tashi aiki. Kuɗin aika riga ɗaya zuwa wani gari ya kusa kai kuɗin rigar, abin da ko kusa ba mu sa a lissafi ba. Fuskokin nan kuwa, mai zane ya shafe makonni yana zana mutane, wannan ya ce hancinsa bai yi ba, wancan ya ce a sa masa rawani. Duk lokacin da ya kamata a ce dodanni yake zanawa. Daga baya ya samu aiki a Abuja, ban kuma ga laifinsa ba, yana da iyali. Garuruwa biyar muka yi alkawari, biyu muka gama. Wasu mun mayar musu da kuɗinsu, wasu suka yafe. Har yau akwai wanda in mun haɗu a ɗaurin aure sai ya ce, “Malam, ina wasanmu?” Da raha yake faɗa, ni dai ba raha nake ji ba.

Saboda haka ga abin da zan yi da ni ne ku. Ku ajiye garuruwa shida a aljihun tebur. Ku ɗauki gari ɗaya, rijiya ɗaya, dare ɗaya: baƙo ya sauka gidan tsohuwa, ya nemi ruwa, aka ce masa ba a ɗiba sai ranar Juma'a, ya ɗauki guga ya tafi. Wasan minti ashirin ke nan, kuma yana da duk abin da RPG ke buƙata, hira da zaɓi da tafiya da babban faɗa. Ku sa ƙarfinku a faɗan macijiyar. Me mai wasa zai lura da shi kafin ta kawo sara? Gugan yana da amfani a faɗan? In ya mutu, zai ji laifinsa ne ko laifin wasan? Ku kai shi shagon gem na unguwarku, ku ba yara, ku koma gefe ku yi shiru. Kada ku yi musu bayani ko kaɗan, don ranar da wani zai sauke shi a Zinder ko Kumasi ba kwa kusa. Inda suka tsaya suna dube-dube, nan ne gyaranku yake.

Ku yi hankali da zaɓi mai rassa. A takarda yana da daɗi a ce mai wasa zai iya kashe macijiyar ko ya yi sulhu da ita. To daga nan duk mutumin garin yana buƙatar magana iri biyu. Ku ƙara abokin tafiya ɗaya mai ra'ayinsa, sun zama huɗu. Haka aiki ke ninkuwa ba ka sani ba. Yawancin wasanni dabara suke yi, su bar hanya ta rabu kaɗan sannan ta sake haɗewa, mai wasa ya ji an saurare shi, su kuma ba su gina wasa biyu ba.

Wani abu da ba wanda ya gaya mana: haruffa. Yawancin salon rubutun da ake samu na wasanni ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar kalma. Sai da mai zanenmu ya zana su da hannu. Kuma in kuɗin waje kuke nema dole wasan ya zo da Turanci, ga Hausa, wato kowane layi sau biyu, kowane akwatin hira a gwada shi sau biyu. Ku kuma yanke shawara tun yanzu, na waya ne ko na kwamfuta. Masu ba da kuɗi a Kickstarter galibi 'yan kwamfuta ne, Hausawan da kuke so su buga kuwa Android ke hannunsu, da data mai tsada.

Batun Daura ma ku yi tunani. Masarauta ce mai rai, rijiyar tana nan ana ziyarta, akwai masu ɗaukar labarin a matsayin asalinsu. A wasa kuwa mutane za su sa jarumi ya yi sata, ya mutu sau hamsin, su ɗauki hoto su watsa. Da ni ne, in ɗauki ƙashin labarin in sauya sunayen gari da mutane. Haka in za ku taɓo iskoki da bori, ku san yadda za ku yi, kada surutun ya fi wasan tafiya.

Nawa za ku nema kuwa, ɗanɗanon ne zai gaya muku. Ku rubuta kwanakin da gari ɗaya ya ci muku, ku ninka da garuruwan da za ku yi alkawari, ku ƙara rabin abin da ya fito don rashin lafiya da ɗauke wuta da hidimar gida. A Kickstarter in ba ku kai adadin da kuka nema ba, ko sisi ba za ku karɓa ba. In kun kai, suna cire kashi 5 cikin ɗari, masu sarrafa biyan kuɗi su cire kashi 3 zuwa 5, wasu katunan kuma su ƙi biya. Steam na karɓar dala 100 kafin a ɗora wasa, sannan kashi 30 na kowane ciniki. A shafin wasanni na Itch.io kyauta ake ɗorawa, can za ku fara sa ɗanɗanon. Tukuici kuwa ya tsaya a abin da ake aikawa ta intanet: wasan, kiɗansa, suna a jerin godiya. Ko hula kada ku yi alkawari.

Shafi ɗarin nan kada ku yar, za su yi amfani daga baya, layi ɗaya a bakin mai shayi, layi ɗaya a jikin bango. Ka gaya mini da me kuke haɗa wasan. In RPG Maker ne, haruffanmu masu ƙugiya suna nan a tsohuwar laftof ɗina, zan turo maka. In faɗan rijiyar ya haɗu ka ɗora mana, zan ba ƙanen nan nawa ya gwada, yanzu yana jami'a amma bakinsa bai canza ba.